Filasta Za Ta Rufe

A wurin ginin benen nan na bakin titi akwai wani tsohon magini, siminti ya tsattsaga masa hannu, bayansa ya ranƙwafa. Yana ɗaukar bulo ya murza gefensa da babban yatsa, sai yashi ya zubo kamar gari.

"Yallaɓai, wannan ba zai ɗauki hawa uku ba."

Ɗan kwangila ko kallonsa bai yi ba. "Baba, kai dai ɗora. Filasta za ta rufe."

Yana ɗorawa kuwa, layi a miƙe. Da alama ana jiran cefane a gida. Amma idan rana ta take, leburori kan fake a inuwar bangon. Shi kaɗai yake jan kwanonsa can nesa, ya ci abincinsa a cikin rana.