Waƙar Kakata a Maitama da Wayar da Ta Mutu

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗa: ni na ƙarar da cajin wayata wajen ɗaukar hoton gadoji. Sauran laifin na manyan masana ne, kuma har yau ban huce ba.

Muna idar da sallar asuba muka bar Gwagwalada a motar makaranta, mu 'yan ƙungiyar adabi da malaminmu na Hausa. An gayyace mu taron sharhi kan tsofaffin wasannin kwaikwayo da waƙoƙi a wani zaure a Maitama, an kuma ce za a ba ɗalibi ɗaya dama ya rera waƙar wa'azi. Ni aka zaɓa. Waƙar kuwa ta kakata ce. Ita ta tsara ta bayan rasuwar kakanmu, ba ta taɓa rubuta ta ba, a ka take. Ƙafa ta hana ta tafiya, don haka abu ɗaya ta roƙa: in ɗauko mata a waya ta ji yadda waƙarta ta yi amo a cikin Abuja. Da zan fita ta ce, "Maigidana, in ka karanta min ita kamar labaran rediyo, na sake ka."

Motar makarantarmu ta girmi shugaban makarantar. Tun kafin Giri ta fara tari, a Lugbe ta shiga atishawa, muka cusa kai cikin cunkoson ma'aikata muna tafiyar da kunkuru zai wuce mu ya waiwayo ya yi mana sannu. Masu talla suka yi mana zobe da ƙosai da biredi da gyaɗa. Na ci ƙosai mai sanyi, na yi ta bitar waƙa har 'yar ajinmu da ke kusa da ni, wata 'yar Filato, ta toshe kunne ta ce ko a coci ba a maimaita abu haka. Da muka shiga gari sai na manta da kowa. Gada na gani, na ɗauka. Bene na gani, na ɗauka. Har wani kare na ɗauka a Maitama, don na rantse ya fi ni samun kulawa.

Maitama unguwa ce da ba ka ganin masu gida, sai katanga da masu gadi da masu ban ruwan fulawa da direbobi suna goge motocin da ba su yi datti ba. A ƙofar zauren mai gadi ya dube mu ya ce, "Oga ya ce yara ku bi ta baya." Kuɗin gorar ruwa ɗaya a wurin zai ciyar da mutum uku masa a tashar Gwagwalada. Muka haɗiye yawu muka zauna a layin ƙarshe.

Mai jawabi na farko ya ɗauko wani tsohon wasan kwaikwayo da muka taɓa yi a makaranta. Akwai fitowar da yaro yake tuntuɓe ya fasa tulu. Mutumin nan ya ce tulun al'umma ce, ruwan tarihi ne, tuntuɓen kuma zuwan Turawa. Jama'a, ni na fito a yaron nan! Tulun tulu ne, an sa shi don mutane su yi dariya, kuma sun yi. Shi kuwa ya yi ta magana kan wasan barkwanci har mutum biyu suka yi barci, bai sa ko ƙuda murmushi ba.

Na biyu shi ya fi ƙona min rai. Kan waƙoƙin wa'azi ya yi magana, musamman amshi. Ya ce amshi shi ne numfashin waƙa, shi ne inda jama'a ke karɓar nauyi daga bakin mawaƙi. Wallahi maganar ta yi daɗi, har na tafa. Amma baitocin da ya kawo misali, karanta su ya yi kamar mai kiran sunayen ɗalibai. Sai tambayoyi, kowa ya tashi sai ya yi nasa jawabin. Sai gaishe-gaishen manyan baƙi. Da aka zo kaina, rabin zauren na wajen layin shinkafa, shugaban taro kuma ya ce, "Yaro, a taƙaita."

Na miƙa wa 'yar Filato wayar, na hau. Na faɗa musu amshin a fili: Allah, Kai ke riƙe abin da ya zube. Sannan na ɗaga murya yadda Kaka take yi:

Na ɗebo ruwa da tafin hannu,
Kafin in kai baki duk ya zube,
Haka kwanakina suke, ya Rabbi.

Na tsaya ina jiran amshi, don haka ake yi, ko a gidan suna ba sai an roƙi mutane ba. Shiru. Sai ƙarar cokali. Masanin amshi yana layin gaba yana rubutu a takarda, ko kai bai ɗaga ba. 'Yan makarantarmu kunya ta kama su, kowa ya sunkuya. Can daga baya sai murya ɗaya ta taso, ta 'yar Filato, da Hausarta ta Abuja, ta ja amshin da ƙarfi kamar tana gaban ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Malam ya bi ta, sauran suka farfaɗo. Haka muka kai ƙarshe, layin baya na amsawa, layin gaba na nazari. Masanin ya ce min waƙar tana da zurfi, amma ma'auninta ya ɗan karye a baiti na uku. Na so in ce kakata ta yi kuka ne a wurin, shi ya sa. Malam ya take min ƙafa.

Ina saukowa ta miƙo min wayar, baƙa ƙirin. "Tun kana gyara hula ya mutu," in ji ta da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Je ka nuna wa kakanka gada."

A dawowa motar ta ƙi, sai da muka biya Apo wajen makanikai, muka zauna kan tsofaffin tayoyi muna cin rake ana ƙwanƙwasa mata ciki. Abin da na koya shi ne, mutum zai iya sanin komai game da amshi bai taɓa amsawa ba, kuma gada ba ta gudu, ana iya ɗaukarta gobe.

Bayan magariba muka iso. Na shiga ɗakin Kaka na faɗa mata gaskiya, ta kira ni mijin banza, ta ce in tsaya nan bakin gado in rera. Na rera, ita ta yi amshin. Ta ce na yi sauri a baiti na uku, in sake. Hoton karen yana nan a wayata, waƙar kuwa babu.