Sunan Jikar Orazali

Orazali makiyayin dawakin gandun gwamnati ne a ƙauyenmu, ni kuma ni nake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a ofishin majalisar ƙauye. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Sholpan, tauraruwar asuba, ita ke tashinsa. Da aka haifa masa jika mace, shi ya yi kiran salla ya raɗa mata sunan tauraruwar a kunne sau uku.

Yarinyar ta taso da yawan zazzaɓi. Duk hunturu sai maƙogwaro ya kumbura, jiki ya yi zafi rau.

A kakar 1975 aka turo malami daga birni ya yi mana bayanin na'urar da aka harba sama ta sauka a kan tauraruwar Sholpan. Orazali ya sa rigarsa ta biki ya zauna a sahun gaba, kamar wanda za a yabi 'yarsa. Malamin ya nuna hoton duwatsu, ya ce zafin wurin yana narkar da dalma, nauyin iskar yana murƙushe ƙarfe, gajimaren kuwa ruwan batir ne. Na'urar ma ba ta daɗe tana aiko da saƙo ba ta yi shiru.

Washegari na tarar da dokinsa a ƙofar ofis.

"Ɗan Sapar, goge sunan nan," in ji shi. "Wuta na raɗa wa yarinya a kunne."

Na ce doka ba ta ba kaka wannan iko ba, sai iyaye sun sa hannu. Ɗansa yana aikin jirgin ƙasa can nesa, saura surukarsa Nesibeli, uwar yarinyar.

"Kai da ka faɗo daga kan goɗiyata kana kiran uwarka, yau kai ne doka?"

Duk da haka ya ja ni gidansa in zama shaida. Nesibeli ba ta faɗin sunan surukinta, balle ta yi musu da shi ido da ido. Tana zuba mana shayi, sai ta gaya wa butar cewa yarinya likita take bukata, ba sabon suna ba, amma wani a gidan nan ya hana a kai ta asibiti don tsoron wuƙa. Orazali ya gaya wa kyanwa cewa matan yanzu sun fi buta tafasa. Haka suka yi ta ciniki ta bakin buta da kyanwa har shayi ya huce. Ba ta yarda a taɓa takarda ba, amma ta yarda ya sake raɗa suna, muddin zai bari a kai yarinyar asibiti.

Ya yanka rago, ya raɗa mata Moldir, wato ruwa garau. Shi da kansa ya kai ta asibitin gunduma a keken doki, ya zauna a dakali bai ci komai ba har aka gama aikin maƙogwaron. Zazzaɓi bai sake dawowa ba. Uwa ta ce likita ne, kaka ya ce suna ne, ni ban shiga ba.

Tun daga nan, a makaranta da wurin uwarta Sholpan ce, a bakin kakanta Moldir, kuma duk ta amsa. Shi kuwa bai daina tashi da tauraruwar ba, gaisuwa kawai ya daina yi mata.

Da ta cika shekara goma sha shida ta zo karɓar katin shaida. Nesibeli ta aiko mini da saƙo cewa yarinya ta girma, sunan da ta zaɓa shi ita uwar za ta sa wa hannu. Orazali, wanda a lokacin ba ya tafiya sai da sanda, ya rako ta, amma ya ƙi shigowa. Yana waje yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi.

Na tambaye ta wanne zan rubuta. Ta leƙa kakanta ta taga.

"Baba, rubuta na Kaka," in ji ta. "Tauraruwa ba za ta ji haushi ba."