Ƙofar Da Na Buɗe Wa Balkisu

Har yau ban manta da ranar da wasiƙun kafenmu na intanet suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya ba, kamar kayan toshin da aka ƙi karɓa. A unguwar Badariya muke, farkon shigowar intanet Birnin Kebbi. Ni ne mai kula da saba, wato na'urar da ke karɓar imel ta tura shi inda za shi. Ƙa'idarta ita ce, ba ta ɗaukar saƙon kowa sai ya ba da lambar sirri. Madam Rifkatu mai kafen, 'yar Filato, ta ja mini kunne a kan haka tun ranar da ta ɗauke ni.

To, akwai Balkisu. Tana buga takardu a wani shago a Argungu, ni kuwa a lokacin gani nake don ita rana ke fitowa. Kullum sai ta manta lambar da na ba ta, wasiƙarta ta maƙale, in yini abinci ba ya shiga. Sai na ce a raina, masoyin ƙwarai ba ya tsayar da masoyiyarsa a bakin ƙofa yana neman shaida. Na cire sharaɗin ɗungurungum.

Ashe akwai mutane a wasu ƙasashe da ba su da sana'a sai laluben irin wannan ƙofa. Kafin wata ya ƙare sun mayar da sabarmu jakin dakon tallan magani da wasiƙun damfara. Masu tsaron imel na duniya suka sa mu a baƙin littafi, wanda ke ciki kuwa ba a karɓar wasiƙarsa ko'ina.

Alhaji Namadina, dillalin albasa daga Augie, ya tsaya a kaina bayan saƙonsa ga mai sayen kayansa ya dawo sau uku.

"Kai ɗan nan, mi ya samu akwatin ga naku? Albasa ba ta san jira ba."

Madam ta iso, na gyara murya na ce mata ɓarayin intanet ne suka fasa mana. Ba ta musa ba. Ta jawo kujera, ta ce in buɗe rajistar saƙonni mu ga wanda ya fara shiga babu lamba. Daga Argungu yake. Ta karanta kan wasiƙar a gaban Alhaji, a hankali: "Na gode, hasken idona."

"Hasken ido," in ji ta, "daga nan zuwa Juma'a a cire mu daga littafin nan, ko ka je Argungu ka haska can."

Na mayar da sharaɗin nan take. Sannan na rubuta wa masu littafin takardar neman afuwa, shafi uku cikin Turanci. Na kira su ma'abota tausayi, na ce kafenmu ya zama kamar fadamar da ruwa ya janye mata. Ni kaina sai da na yi ƙwalla.

Ranar Alhamis amsa ta zo, layi biyu: sun gwada, sun tarar ƙofa a rufe, sun cire mu, nan gaba in tura musu adireshin sabar kawai, ya isa. Saƙon Alhaji ya tafi, aikina ya tsira, Madam kuma ta manna shafukana uku a bango don sababbin ma'aikata su karanta.

Ku 'yan baya, ku riƙe wannan. A aikinmu, ƙofar da ka buɗe wa mutum ɗaya duniya ka buɗe wa. Masu tsaro kuma ba sa sauraron daɗin baki. Ƙofar suke turawa su gani.