Ladanin Unguwarmu da Jiragen Koyo

Abin da zan faɗa ya daɗe, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne, cikin azumi ne, shekarar da na shiga aji uku na firamare, ana zafi sosai. Muna zaune a tsakar gida, an jera kunun tsamiya da ƙosai a kan tabarma, Inna tana korar ƙudaje da mafici, sai ga ɗan jirgin nan na masu koyon tuƙi ya ratso ta saman unguwa ƙasa-ƙasa, wani na biye da shi. Da ƙarar ta lafa muka ci gaba da jiran kiran salla. Muka jira har kaji suka shige akurki, kunu ya huce. Sai da Baba ya dawo daga masallaci ya same mu zuru-zuru, ya ce, "Kai, me kuke jira? Ai har an idar da salla!" Kakana Malam, wanda shi ne ladani, ya yi kira a kan lokaci, jirgi ya haɗiye muryar.

A unguwarmu, cikin lungunan bayan Ƙofar Doka, ba a shan ruwa sai da muryarsa. Maza suna ƙofar masallaci suna ganinsa, amma mata na cikin gida, katanga ta tare musu faɗuwar rana, kuma ko sun jiyo kira daga nesa sai su ce a jira na Malam. Shi kuwa ba ya amfani da lasifika. Hawa yake kan matakalar ƙasa da ke jikin masallaci, ya toshe kunnuwa, yana juyawa gabas da yamma, kudu da arewa, don kowane gida ya sami rabonsa. Da muryarsa ake tashinmu ɗebo ruwa a rijiya, da ita muke watsewa daga wasan langa. Ran nan dai gidaje da dama sun makara, har kakata ta tare shi a zaure tana cewa, "Malam, kai ka sha ruwanka ka bar mu da jirgi, ko?" Ya yi dariya, amma ina jin bai ci abincin kirki ba.

Ba na so a ɗauka ina zagin filin jirgin ne. Tun da aka fara faɗaɗa shi arziki ya shigo gidanmu. Baba magini ne, ya samu aiki a can, da sassafe yake hawa keke ya tafi. Inna ta kama tuyar waina, yayata na kai wa leburori. A lokacin ne aka yi wa ɗakunanmu rufin kwano, muka huta da tare yoyo da ƙwarya duk damina, kuma in ban yi kuskure ba, karatun da ya kai ni jami'a daga gumin nan ya fito. Mu yara ma murna muke, in jirgi ya wuce sai mu bar malami da allo mu ruga taga muna ɗaga hannu.

Bayan ƙaramar salla dattawa suka zauna, aka ce a sa lasifika, Baba ne ma ya sayo ta da hannunsa. Malam bai yi musu ba. Ranar farko ya tsaya gaban ƙarfen lasifikar, ya yi kabbara, murya ta tashi har an ce an ji ta can wajen dutsen Kufena. Amma jikinsa ya saba. Yana fara kira sai ya juya dama, ya juya hagu, ya ba ƙarfen baya, murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Aka yi ta nuna masa, ya ce to, gobe ya sake juyawa. Na taɓa jin ya ce wa Baba, "Ni ban iya kiran mutane ina kallon bango ba." Bai yi wata guda ba wani saurayi mai zaƙin murya ya karɓa. Malam ya koma sahun gaba yana jan carbi, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu masallatai sun yi yawa, kowanne da lasifikarsa, jirage na ta shawagi, ba wanda ke ɗaga kai, ba kuma wanda ke makara shan ruwa. An rushe matakalar an yi wurin alwala. Na san hakan ya fi sauƙi, sai dai ban ƙara jin kiran da na tabbata gidanmu ake nufi da shi ba.

Akwai abu ɗaya da ban sani ba, Baba kuma ya rasu ban iya tambayarsa ba: shin Malam da kansa ya sauka, ko sauke shi aka yi? In akwai wanda ya zauna a wannan zama na dattawa, ko ya ji daga bakin wanda ya zauna, don Allah ya gyara mini inda na yi kuskure, ya kuma faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.