Yawon Arba'in da Cibiyar Ummi a Jaka

Abu Hail

Tun kafin a kira assalatu na tashi, na yi wa Ummi wanka, na shafe ta da man zaitun, na goya ta. Ranar muka yi arba'in. Da a gida ne, da tuni an cika ɗaki ana tsara gidajen da za a shiga, daga na Gwaggo zuwa na Kawu. A Dubai kuwa dangina biyu ne rak: Anti Rifkatu 'yar Billiri, wadda in ta tashi daga aiki take zuwa ta gasa min jiki da ruwan zafi, sai Hajiya Talatu mai kai kaya Kano, wadda jirginta zai tashi washegari. Na ce ko mutum biyu ne sai na yi yawon arba'in ɗina.

A cikin jakata akwai ƙullin wani farin hankici. Cibiyar Ummi ce, tun ranar da ta faɗi nake adana ta. Kullum Inna ta bugo waya maganar ke nan: "Auta, ki aiko min da cibiyar takwarata in binne." Ni kuwa na san inda za a sa ta. A gidanmu na Gwale, ta 'ya mace bayan madafa ake binnewa, kusa da murhu, wai don yarinya ta zama mai zaman gida. Ina ji ina gani hayaƙin murhun nan ya cinye idon Inna, kuma ban tsallako teku don in mayar da 'yata gindinsa ba. Amma in Hajiya ta tashi ban ba ta ba, da wane baki zan yi wa Inna bayani?

Abban Ummi yana ɗaura takalmi zai tafi aiki ya ce, "Ke dai kin ɗora wa kanki. Busasshiyar fata ce fa."

Na ce, "Haka ne, tunda ba a jikinka aka yanke ta ba."

Muhaisnah

Na sami tasi mai jan rufi, irin wadda mata ke tuƙawa. Hazon teku ya sauko gari, fari sol, mai laima. Dogayen benayen nan duk an yanke musu ƙafafu, sai kawunansu kake gani a sama da 'yan fitilu, kamar wani ne ya rataye su. Direbar, wata 'yar Habasha, ta leƙo ta madubi ta ce da Larabci, "Shwayya shwayya yau, habibti," wato sannu-sannu yau, 'yar'uwa, ba a ganin hanya. Na ce ta tafi a hankalinta, ba mai jiranmu da bulala. Kwana arba'in ban taka waje ba, sai na ji kamar har yanzu barci nake, motar ce kawai ke tafiya da mafarkin.

Muka bi ta gefen motocin leburori, farare, a jere, kowa ya jingina kai da gilashi yana gyangyaɗi. Da muka isa unguwar Muhaisnah, Anti Rifkatu na tsaye a ƙofar masaukinsu na ma'aikata da kofin kunun gyaɗa. Ɗakin nasu gadaje ne wani kan wani, kowace ta ja labule a nata. Ta karɓi Ummi ta ɗaga ta sama.

"Maijego, kin yi kyau. Hannuna ne wannan, kada ki ce na wani."

"Anti, ai har yau fatata na tuna ki."

Ta tura wa Ummi 'yar safa a cikin zani, tukwicin arba'in. Sannan ta ce in shirya, motar ma'aikata ta kusa, yau a wurin aikinta ake nuna fim ɗin safe na masu jarirai. "Akwai wasu mata da nake so ki gaisa da su. Kullum ina shara ina kallonsu a allon fim, har na haddace fuskokinsu. Mutanenmu ne, yare ne kawai ya bambanta."

Al Quoz

Wurin, a unguwar Al Quoz, wani tsohon sito ne aka mayar gidan sinima, tsakanin garejin motoci da masu walda. Kujeru masu taushi, fitila a rage, mata na ta jijjiga 'ya'ya. Anti ta zaunar da ni a baya, ta tsaya jikin ƙofa da tsintsiyarta.

Allo ya buɗe da duhun asuba a kan wani tsauni, hazo ya rufe shi kamar wanda na baro a waje. Mutanen Maya ne, in ji rubutun ƙasa, can ƙasar Guatemala. Wata mace mai tsohon ciki ta durƙusa tana hura wuta. Da wutar ta kama sai na ga murhun: duwatsu uku ne, zaman murhun Inna sak. Ta tsame masarar da ta kwana a jiƙe, ta zuba a dutsen niƙa, ta dinga turawa da dukkan ƙarfinta, sannan ta riƙa tafa ƙullin a tafin hannu tana ɗorawa a kasko. Sautin tafin nan ya cika ɗakin, Ummi ta yi luf a ƙirjina.

Ba a cika magana a fim ɗin ba. Mijinta ya tafi arewa neman aiki, shiru har yau. Ta ɗauko itace da igiya a goshi, ciki a gaba, kaya a baya. Ta ɗaura zaren saƙa a ƙugunta, ɗaya bakin a jikin ginshiƙi, ta saƙa riga mai tsuntsaye ja da kore. Ta sauka birni da ita, wata mata mai jan baki ta juya rigar, ta taya a wulaƙance, ta kwaikwayi yarenta, 'yan shago suka yi dariya. Wallahi sai da na ji kamar in shiga allon. A gida kuma tsohuwarta na zaune gefen wuta, idanu sun yi fari, tana laluben kofi.

Wani wurin ban san ko kallo nake ko gyangyaɗi ba. Sai in ga tsaunin ya koma Dala, in ji ƙamshin tuwon masara, in ga zanen Inna a jikin tsohuwar.

Ta haifi mace. Ungozoma ta tone toka a tsakanin duwatsun nan uku, ta binne cibiyar, ta ce yanzu yarinya ba za ta yi nisa da gida ba. Da gari ya waye, maijegon ta rarrafo, ta tone tokar da yatsunta, ta ciro abinta. Ta taka a hankali, tana dafa bango, har bakin hanyar da motoci ke wucewa, ta saƙale ta a reshen bishiya, inda ake sa ta 'ya'ya maza. Ta tsaya tana kallon hanya. A nan fim ya ƙare, ba a nuna mana abin da ya sami yarinyar ba.

Aka kunna fitila, hannuna na cikin jaka a kan hankicin. Na gaya wa Anti abin da ke ciki. Ta yi dariya tana tattara guggurun da aka zubar.

"Tawa a Billiri take, bayan rumbu, ga ni nan ina share Dubai. Cibiya ba ta riƙe mutum, Maijego." Ta ɗago ta ce, "Sai dai in dare ya yi takan ja ni."

Al Karama

Bayan azahar na hau jirgin ƙasa na metro, taragon mata, na sauka unguwar Karama. Hazo ya washe, gari ya dawo da ƙafafunsa. Fulat ɗin Hajiya Talatu ba wurin sa ƙafa, dilolin abaya da kwalayen turare har rufi. Ta zubo min shinkafa da miyar kaji, ta ce in ci don Ummi, ba don ni ba.

Na riga na yanke shawara tun a jirgi. Na miƙa mata ƙullin na ce, "Hajiya, ki kai wa Inna. Amma ki ce mata ban da bayan madafa. A bakin ƙofar zaure nake so, inda ake shiga ake fita."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ni zan gaya wa tsohuwa inda za ta yi tono a gidanta? Yalla, maza kira ta ki faɗa da bakinki."

Na kira. Na yi gaisuwa, na yi kwana-kwana, sannan na faɗa, na ce kada a sa ta bayan madafa kamar tawa.

"Auta, wa ya ce miki taki tana bayan madafa?"

"Ai can ake sa ta mata, Inna."

"Can kakarki ta sa ta. Ina jego na fita na tone, na kai ta bakin zaure, ba wanda ya sani. Na ce wannan kam ba za ta ƙare a hayaƙi ba." Na ji ta ja numfashi. "Kuma Allah Ya amsa, kin fita. Shekara nawa rabon da in taɓa fuskarki? Ban yi da-na-sani ba. Amma wannan takwarata ce, ki bar min ita kusa da inda nake zama."

Kuka ya ci ƙarfina. Hajiya ta karɓi Ummi, ta juya baya tana gyaran dilar da ba abin da ya same ta.

Na ce, "Inna, ki binne ta inda kike so."

Ta ce, "To. Allah Ya yi miki albarka. Ki rufe mata kai, an ce kuna sanyi."

Hajiya ta zuge jakar hannunta, ta sa ƙullin a aljihun da take ajiye fasfo, ta ce wannan ba kayan kago ba ne da za a haɗa da diloli.

Gida

Ana kiran magariba muka shigo unguwarmu Abu Hail, jaka ba nauyi, Ummi na barci a baya. Abban Ummi ya buɗe ƙofa ya ce, "Yaya yawo? An rabu da fatar?" Na ce an kai ta gida. Ya dubi idona, ya kwance min goyon.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Anti Rifkatu da Hajiya Talatu, dangin da Dubai ta ba ni, da matar nan ta kan tsauni wadda ban san sunanta ba. Bayan kwana biyu Inna ta bugo, ta ce ta binne a bakin zaure, kuma ta matsar da kujerarta wajen.