"To" Ɗin Yaya Bukar

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Bukar, maɗinkin hula a Sheshe. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a shekarar da sojoji suka koma bariki. Muna hira a zaure allura ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Daga ranar kalma ɗaya ta rage masa: "To."

Muka yi ta shafa masa magani a hannu da ƙafa. Sai bara, a ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta zana mana babban ɓangaren ƙwaƙwalwa a allo, rabe biyu kamar goro. Ta ce ɓarin hagu ke juya jikin dama, a can kuma magana take. Wuri guda ke haɗa kalmomi, wani daban ke fahimtarsu, kuma ɗaya kan lalace ɗayan na lafiya. Ashe duk abin da ake faɗa a kansa Yaya yana ganewa.

A lokacin da Yaya yake kwance, wani sabon kansila yana neman gida a bakin titi don ofishin jam'iyya. Kawunmu, Alhaji Modu, ya kawo shi har gaban tabarmar Yaya da shaidu biyu.

"Bukar, ka yarda a sayar da gidan nan a yi maka magani?"

"To," in ji Yaya, yana dukan tabarma da hannun hagu.

Na ce musu ko ruwa aka miƙa masa "to" yake cewa yana ture moɗar. Kawu ya ce, "Kai da ba ka iya rubuta sunanka ba, kai za ka fassara mana Hausa?" Shaidu suka ce sun ji da kunnensu, aka shafa fatiha.

A ɗakin haya ya rasu a Goron Dutse, maganin bai zo ba. Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga gidan ubanmu yau, an toshe zauren, fastocin 'yan takara sun rufe bangon. Shi da ya yi murnar dawowar farar hula, yana cewa yanzu za a riƙa tambayar talaka. An kuwa tambaye shi.

Hulunan da ya ɗinka sun tsufa a kan mutane. 'Ya'yansa uku har yau haya suke. Shaidun nan biyu suna raye, sahu ɗaya muke sallar Juma'a, kuma har yanzu suna rantsuwa cewa da bakinsa ya amince.