Ranar da Kasuwa Ta Ƙi Sarakuna Uku

Makon jiya aka aiko mini da bandar kifi daga gida, an naɗe ta a takardar siminti an ɗaure da igiya. Ina kwancewa hayaƙin ya bugi hancina, sai na tsaya riƙe da igiyar na manta abin da zan yi. Wanda bai tashi a bakin ruwa ba zai ce ƙauri ne kawai. Ni kuwa ƙamshin rumfar kakata ne, a wani ƙauye da ke gefen tafki, wanda in ka sa ƙafa da hantsi za ka isa Warra rana ba ta yi zafi ba. A ƙarƙashin rumfar nan na kusa tafka wautar da har yau ban manta da ita ba.

A hannun Kaka na tashi, wadda ta haifi Innata. Bandar kifi ce sana'arta tun kafin a haife ni. Murhu biyu gare ta na laka, an shimfiɗa musu ragar waya, kuma ban taɓa ganin duka biyun sun huce rana ɗaya ba. Idanunta kullum jajaye ne saboda hayaƙi, muryarta a dushe, amma kunnenta ko allura ta faɗi a tsakar gida sai ta ji. Ba ta da yawan faɗa. In ka yi abin kunya sai ta dube ka sau ɗaya ta koma juya kifinta, kai kuma ka wuni kana neman inda za ka sa kanka.

Shekarar da na shiga aji huɗu ta ba ni 'yar akuya, ja mai farin goshi, ta ce in riƙe, duk abin da ta haifa nawa ne. Ba zan ɓoye maka ba, na so dabbar nan fiye da wasu mutanen gidan. Ni ke yanko mata ciyawa a bakin fadama, ni ke satar mata dusa a ɗakin Kaka, in na dawo daga makaranta ita ke fara jin labarin wanda aka buga da wanda ya yi kuka. Daminar da nake ba ka labari akuyar tana ɗauke da cikin fari, ya yi nauyi har tana tafiya tana tangaɗi.

A gidan akwai Kawu, ƙanin Inna, masunci ne, da ɗansa wanda ya girme ni da shekara biyu. Taubashina ne, don haka tsokana tsakaninmu halal ce, kuma mun ci halal ɗin nan har mun wuce ƙa'ida. In damina ta yi nisa akwai ranakun da iska ke tasowa a tafki, ruwa ya yi baƙi yana tumbatsa, ba mai hankalin da zai tura kwalekwale. Irin ranakun nan Kawu kan zauna a rumfa yana ɗinkin koma, in ya gaji sai ya zaro wata tsohuwar karta daga aljihu, wadda gefunanta suka yi laushi kamar tsumma.

Wasan ya koyo shi ne wurin direbobin manyan motocin da ke zuwa ɗaukar kifi daga kudu. Sai da na girma na ji ana ce masa poka. Kowa za a ba shi kati biyu ya ɓoye. Sannan a buɗe biyar a tsakiyar tabarma, uku tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Waɗannan biyar na kowa ne, kowa zai haɗa su da na hannunsa ya ga abin da ya samu, kuma su Kawu ke kira kasuwa. Duk buɗewa, ko ka ƙara 'ya'yan tsamiya a tsakiya, ko ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Sarakuna uku babban hannu ne, sai a yi wata ba a gan su ba. Amma kati biyar masu zane iri ɗaya sun fi su, ko da ƙanana ne. Zanen nan ja mai kama da ɓarin goro, mu goro muke ce masa.

Kawu kan ce wannan ba caca ba ce tunda 'ya'yan tsamiya ne, kuma yakan faɗi haka da ƙarfi yadda Kaka za ta ji. Sai dai 'ya'yan tsamiya ba su daɗe suna isarmu ba. Wata rana taubashina ya ɗora 'yar wuƙarsa mai naɗewa, na cinye. Ya yi kuka har da majina, ya kai ƙara wurin Kaka. Ta ce da shi magana zarar bunu ce, bakinsa ne ya bayar, ba wanda ya ƙwace. Wuƙar ta zama tawa, ina fere rake da ita a gabansa don neman magana. Tun daga ranar kaina ya kumbura, na ɗauka ni kaɗai Allah ya ba wayo a gidan. Tun daga ranar kuma na san cewa abin da aka ɗora a tabarmar nan ba ya dawowa.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, iska ba ta kwanta ba har bayan azahar. Ƙasa na ƙamshi, kaji sun taru a gindin murhu suna shan ɗumi, Kaka na juya karfasa da hannu kamar wutar ba ta ƙuna. Kawu ne ke rabawa, ni da taubashina muke wasa. Na ɗaga katina a hankali, sai ga sarakuna biyu, duka baƙaƙe. Da Kawu ya buɗe ukun farko, sai ga sarkin goro, da bakwai na goro, da wani baƙin huɗu. Sarakuna uku ke nan a hannuna. Na tura rabin 'ya'yan tsamiyata, shi ma ya tura yana hamma.

Kati na huɗu ya faɗo, tara na goro. Ban ko dube shi da kyau ba, na ƙara turawa. Na biyar ya faɗo, biyu na goro. Ni dai idona na kan sarakunana, na manna su a ƙirji ina leƙawa ina sake leƙawa, kamar za su gudu.

Taubashina ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da 'yar rediyonsa, wadda ya yi kaka guda yana taya mutane cirar gyaɗa kafin ya mallaka. Ya dire ta a tsakiyar tabarma.

"Na aza rediyona," in ji shi. "In ke isa, aza akuyakki."

Kawu ya yi dariya, don shi mutum ne da bai gama girma ba har ya tsufa. Ya ce, "Kun dai san doka. Abin da baki ya aza, hannu ba shi ɗauke shi."

Rediyon nan na daɗe ina haɗiyar yawu a kanta. Na riga na ga kaina zaune da ita a cinya ina murɗawa, shi kuma yana roƙona in bar masa tashar da ake waƙa. Sarakuna uku fa. Bakina ya riga ya buɗe, "na aza" na kan harshena, sai muryar Kaka ta fito daga cikin hayaƙi, ba ta ko waiwayo ba.

"Ƙawata, mi kika riƙe hakanga, awa za a amshe miki?"

Na ce, "Giwan ruwa ne, Kaka," wato kifin da ya fi kowane girma a tafki.

"To madalla. Kin dai dibi abin da kasuwa ka biɗa yau? Ranar da fatake sunka zo biɗar tarwaɗa, mai giwan ruwa kallo nata. Ni na taɓa kai nawa Yelwa, ƙato, na komo da shi gida har ƙwari sunka cinye. Wata kusa gare ni da 'yan tarwaɗunta awa yatsa, kahin azahar ta kakkaɓe kwando."

Taubashina ya ce, "Kaka, ba a sa baki."

Ta ce, "Ni mi nis sani ga karta? Zancen kihi nika yi."

Gaskiya ta faɗa, Kaka ba ta iya bambanta sarki da bakwai ba. Kalmar kasuwa kawai ta ji ana maimaitawa, ita kuwa a duniya ba abin da ta sani kamar kasuwa. Amma maganar ta sa na sauke katina daga ƙirji, na dubi tabarma, karo na farko tun da aka buɗe ukun farko. Goro, goro, goro, goro. Huɗu jajaye sun jeru suna kallona, ni kuma ba ko ɗaya a hannuna. Duk wanda ke riƙe da goro guda, ko mafi ƙanƙanta ne, ya cika biyar, ya taka sarakunana ya wuce. Sarakunan ba su canja ba, suna nan da rawunansu kamar ɗazu. Kasuwar ce ta juya musu baya ina can ina lissafin rediyo.

Sai na tuna hammar da yake yi da farko, da yadda ya gyara zama da tara ta faɗo. Da biyu ta faɗo kuwa shiru ya yi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa da tsokanata. Duk na gani da idona, na ƙi kulawa.

Kada ka ɗauka ajiyewar ta zo mini da sauƙi. Wata zuciyar na ce mini burga ce kawai yake yi, ba shi da komai, in na ajiye sarakuna uku zai yi shekara yana yi mini dariya. Girman kai ya riƙe mini hannu ƙam. Na ɗaga ido na hango akuyata a turke, ta kwanta a gefen da ruwa bai jiƙa ba tana tuƙa, cikinta na motsi ta gefe ɗaya. Ban san lokacin da na kifa katin a tabarma ba.

Na ce, "Na aje."

"Matsoraciya," in ji shi, amma muryarsa ba daɗi a ciki. Ya kai hannu zai cusa katinsa cikin sauran, Kawu ya riga shi, ya buɗe. Baƙin takwas ne, da uku na goro. Uku, katin da ko a ƙasa ka gan shi ba za ka sunkuya ba. Kawu ya buɗe nawa, ya yi salati a hankali.

Da na miƙe, turke na nufa, na rungume wuyan akuyar ina kuka, ita kuwa tana ƙoƙarin cin bakin ɗankwalina. Ban taɓa jin daɗin rashin nasara irin na ranar ba. An kwashe mini 'ya'yan tsamiya kaf, amma ji nake kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Ina nan durƙushe na ga Kaka ta taso, ta tattara kartar daga tabarma har da ta hannun Kawu, ta zuba a murhu. Kawu ya ce da mahaifiyar tasa, "Inna, ai wasa na." Ta ce, "Wasan da ya kai ga mai rai ya bar zama wasa." Ya sosa ƙeya ya koma kan komarsa. Karfasar ranar sai da ta ɗan yi ƙaurin takarda, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Ba a yi sati biyu ba akuyata ta haifi tagwaye, duka mata.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Inda rumfarta take an kafa shagon kwano ana cajin waya, samari na zaune a benci kowa ya sunkuyar da kai. Aka ce mini wasu cikinsu irin wasan nan suke yi da mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma ba da 'ya'yan tsamiya ba. Tabarmarsu a tafin hannu take, ko tsohuwa na zaune kusa da su ba za ta ga abin da aka ɗora ba balle ta yi zancen kifi.

Taubashina yanzu jirgin inji yake tuƙawa daga Warra zuwa ƙetare, gemunsa ya yi fari. Da na je gida sallar bara muna zaune a tsakar gidan Inna, na tsokane shi, na ce wai da ya ci akuyar nan me zai yi da ita, shi da ko kaza bai iya kiwo ba. Na zaci dariya zai yi. Amma bai yi ba.

"Tun ranar wuƙa nika jiran hannu," in ji shi. "Har na yi magana da wani mahauci Warra. Da ke ce kin aza, ran kasuwa da sahe tana rataye."

Na ce, "Da cikin nata?"

Ya ce, "Yaro ni ke, haushi nika ji. Na gode Allah da kinka aje. Da ban san da wane ido zan dube ki ba har yau."

A bayan ɗakin Inna jikokin jikokin akuyar nan na ta jan harawa, rabinsu jajaye masu farin goshi. Na tashi na shiga ɗaki na ɗebo dusa cike da ƙwarya, shi kuma ya riƙe mini ƙyauren garken har na gama zuba musu.